Labarin Gusau da Birnin Singafo, Garuruwan da Hanya ta Raya

Ku sani, ya ku masu karatu, garin Gusau da birnin Singafo kusan tsara ne. Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau wajen shekara ta 1811, watau 1226 ta Hijira. Shekara 8 bayan haka, ran 6 ga Fabrairu 1819, wani Baturen Ingila mai suna Raffles ya ƙulla alkawari da Sultan Husaini na Johor da wani basaraken wurin mai suna Abdurrahman, suka yardar masa ya kafa tashar ciniki a wani tsibiri can Gabas mai nisa, ƙarshen ƙasar Malaya. Mutanen da ya tarar a tsibirin ba su fi dubu ɗaya ba, yawancinsu masunta. Yau mutanen Singafo sun kai miliyan 6, ƙasa ce mai tutarta da kuɗinta, alhali faɗinta duka wajen murabba'in kilomita 735 ne. Jihar Zamfara ta ninka ta fiye da sau 50.

Abin da ya haɗa garuruwan nan biyu shi ne, kowannensu hanya ce ta raya shi, kuma kowannensu ya gaji wani tsohon birni da ya rushe.

Wanda Gusau ta gada shi ne 'Yandoto, wadda kufanta ke nan kusa da Tsafe. Tun kafin jihadi 'Yandoto gari ne na malamai da fatake cikin ƙasar Katsina ta kudu, inda ake kira Katsinar Laka. Ayarin da ya nufi Gwanja neman goro yakan bi ta wannan yanki, ya yada zango, a sauke kanwa da tufafi, a sayi guzuri. Inda fatake suka yawaita kuwa nan malamai kan zauna, don falke yana bukatar mai rubuta masa wasiƙa, da mai raba masa gardama da abokin cinikinsa, da mai karantar masa da ɗa in ya tafi. Masu ba da labarin Katsina sun ce Muhammadu Korau, wanda ya ka da Sanau ya ci sarauta, mutumin 'Yandoto ne. Da jihadi ya tashi malaman garin suka rabu biyu, aka kori waɗanda suka bi Shehu Usmanu, har Muhammadu Bello ya zo da runduna wajen 1806 ya ci garin. Daga nan 'Yandoto ba ta sake komawa yadda take ba. Sunanta dai bai ɓace ba, ga shi kan sarautar Tsafe, wadda har yau ake kiran mai riƙe da ita 'Yandoton Tsafe. Shi kuwa Malam Sambo, wanda gidansu na cikin waɗanda suka bi Shehu, sarautar zuriyarsa ita ce Sarkin Katsinan Gusau, abin da ke nuna asalin ƙasar.

Sabon garin bai sami zama lafiya ba da farko. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suka yi ta kawo hari, har mutanen Gusau suka ƙaura zuwa Rawayya ta wajen Bunguɗu, suka daɗe can kafin su komo. Saboda haka, har Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gusau gari ne mai ganuwa kamar sauran 'yan'uwansa, ba ta fi Bunguɗu ko Kwatarkwashi wani abin a zo a gani ba. Manoma ne da masaƙa da marina a bakin gulbin Sakkwato.

Jirgin ƙasa shi ya sauya lissafi. A 1927 hanyar jirgi ta iso Gusau daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe, a 1929 ta kai Ƙaura Namoda ta tsaya. Tsayawar nan ita ce arzikin Gusau, gama jirgi bai taɓa isa Sakkwato ba. Duk kayan da Lardin Sakkwato zai fitar zuwa teku, gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga, sai an kawo su tashar Gusau ko ta Ƙaura, bisa jakuna da raƙuma, daga baya bisa manyan motoci. Duk kayan da zai shiga lardin kuma, gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi, nan ake sauke shi. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da U.A.C. suka buɗe kantuna, unguwar da suka zauna har yanzu Kanti ake ce mata. Kamfanin auduga na B.C.G.A. ya kafa gidan gurza. Kwarori suka zo, Yarabawa da Ibo da Nufawa suka cika Sabon Gari, baƙin Hausawa daga Kano da Katsina da Zazzau suka zauna Tudun Wada.

Wanda bai ga kaka a Gusau ta wancan zamani ba, sai ya tambayi dattawa. Da an buɗe ciniki, manomin Bunguɗu zai ɗauro audugarsa cikin dare don ya riski sikeli da sassafe. Malamin auduga ya duba ta ya ba ta lamba, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, a auna, a biya shi nan take. Kafin rana ta yi tsaka kuɗin nan sun fara yawo. Ya biya haraji, ya biya bashin da ya ci da bazara, ya sayi turmin atamfa, maɗinki ya samu, mai tuwo ta samu, ɗan dako ya samu, almajirin da ya zo cin rani shi ma ya sami na sabulu da na tawada. A gidan gurza ana raba auduga da angurya, a ɗaure ta dila-dila, jirgi ya kwasa zuwa Ikko, daga can sai Ingila. Cikin shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara a Gusau, aka kuma yi injin matsar mai. Watau garin ya fara taka mataki na biyu, daga tara kayan gona zuwa sarrafa shi.

Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a lura da shi. Gusau ba ita ke riƙe da linzamin arzikinta ba. Harajinta baitulmalin En'e ta Sakkwato yake tafiya, farashin gyaɗa da auduga hukumar ciniki ta Jihar Arewa ke yankawa, hanyar jirgi kuwa ta gwamnatin Ikko ce. Sai ran 1 ga Oktoba 1996 ta zama babban birnin jiha, a lokacin kuwa abin da ya tara mata jama'a ya riga ya yi rauni.

To, a waiwayi Singafo. Tsohon garin da ta gada sunansa Temasek, tashar jiragen ruwa ce a ƙarni na 14. Aka ci shi da yaƙi, sarkinsa ya gudu arewa ya kafa Malaka wajen 1400, ciniki ya bi shi can, tsibirin ya koma kufai kamar 'Yandoto. Malaka ta zama babbar daular Musulmi, har mutanen Fotugal suka ci ta a 1511. Abin da Raffles ya gani shi ne, duk jirgin da zai tafi ƙasar Sin daga Indiya, ko ya komo, tilas ya bi ta wani mashigin teku matsattse tsakanin Malaya da tsibirin Sumatara, Singafo kuwa tana bakin ƙofar mashigin. Dabararsa guda ce. Tashoshin da ke hannun mutanen Holan suna karɓar kuɗin fito mai nauyi, shi kuwa ya ce kowa ya zo ya sauke kaya ya ɗauka ba fito. Kowane madugu ya san zangon da zai zaɓa tsakanin wanda ake tatsarsa da wanda ake yi masa maraba. A 1824, da aka ƙidaya mutanen garin, an sami fiye da 10,000. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, jiragen tururi suka yawaita, Singafo ta zama wurin shan gawayinsu, kuma kasuwar kuzar Malaya, daga baya ta robarta.

Jama'a suka taru daga ko'ina, har baƙi suka rinjayi 'yan ƙasa. Yau kusan kashi 74 cikin ɗari na mazauna ƙasar asalinsu Sin ne, Malayu wajen 13, Indiyawa wajen 9. Harsunan hukuma 4 ne: Malayanci, da Ingilishi, da Sinanci, da Tamil. Musulmi sun kai kashi 15 da ɗoriya, akasarinsu Malayu, sai Indiyawa da jikokin Larabawan Hadaramauti, irin gidan Aljunaid da gidan Assaƙƙaf, waɗanda suka gina masallatai da makarantu suka bar wakafai. Kafin zuwan jirgin sama, Singafo ita ce tashar alhazan tsibiran nan duka. Maniyyaci daga Jawa yakan zo ya zauna unguwar Kampong Gelam, kusa da Masallacin Sultan, ya yi ƙwadago wata da watanni yana tara kuɗin jirgin Jidda, kamar yadda takari a da sukan yada zango a Sudan su yi aikin auduga kafin su ƙetare Bahar Maliya.

Ga wani abu da zai ba mai karanta wannan shafi sha'awa. Malayu su ma da ajaminsu, sunansa Jawi. Sun ɗauki baƙaƙen Larabci, suka ƙara ɗigo bisa waɗansu don sautukan da babu a Larabci, daidai da yadda malaman ƙasar Hausa suka yi wa tsa. Da shi Munshi Abdullahi, magatakardan Raffles, ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga a Singafo a 1849. Da shi kuma aka fara buga jaridar Utusan Melayu a 1939, wadda Yusufu ɗan Ishaƙa ya kafa, mutumin da ya zama shugaban ƙasa na farko, hotonsa ke kan takardun kuɗinsu. Amma a 1956 taron marubutan Malayu ya zaɓi boko, Jawi ya yi ta ja da baya har ya koma abin makarantun addini da allunan masallatai. Wanda ya tuna yadda aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira a 2007 ba zai ji labarin nan baƙo ba. Makarantun Islamiyya na cikakken lokaci guda 6 ne a ƙasar, kuma tun 2003 doka ta wajabta wa kowane yaro ilmin firamare, saboda haka ɗalibinsu yana karatun Alƙur'ani da fiƙihu, yana kuma zama jarrabawar lissafi da Ingilishi tare da sauran yaran ƙasa. Masallatai kuwa, tun 1975 ake cire ɗan wani abu daga albashin kowane ma'aikaci Musulmi kowane wata ana gina su.

Mulkin kai bai zo wa Singafo da daɗi ba. Japan ta ƙwace ta daga Ingilishi ran 15 ga Fabrairu 1942, ta riƙe har 1945. A 1959 ta sami mulkin cikin gida, Li Kuwan Yu ya zama firayim minista. A 1963 ta shiga tarayyar Malesiya, zaman bai yi daɗi ba. Ranar Maulidi, cikin Yuli 1964, faɗa ya ɓarke tsakanin Malayu da Sinawa, ya sake tashi a Satumba, mutum 36 suka mutu. Ran 9 ga Agusta 1965 aka raba ta da tarayyar, ta wayi gari ƙasa ce ba gona, ba ma'adini, ruwan sha ma ta bututu yake zuwa daga Johor. Sojan Ingila, waɗanda sansaninsu ke ciyar da dubban gidaje, suka ce za su tashi, suka kuwa tashi a 1971. Li Kuwan Yu ya zo Ikko cikin Janairu 1966 taron ƙasashe renon Ingila, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓe shi, kwana kaɗan kafin juyin mulkin 15 ga wata. Da a ranar nan an tambayi masu hankali wace ƙasa ce abar tausayi tsakanin biyun, da yawa Singafo za su nuna.

Abin da shugabanninta suka gane shi ne, zaman dillali kaɗai ba ya ɗorewa, don ran da mai kaya ya sami wata hanya dillali ya tashi a tutar babu. Suka cike fadamar Jurong suka mai da ita unguwar masana'antu tun 1961, suka yi ta zawarcin kamfanonin waje. Suka fara da tufafi da ƙananan kaya, da albashi ya hau suka bar wa waɗansu, suka koma kayan lantarki da magunguna da aikin banki. Ƙasar da ba ta da rijiyar mai ko ɗaya ta zama cikin manyan masu tace mai na duniya. Da aka ƙago jigilar kaya cikin kwantena, suka gina mata tasha a 1972 tun maƙwabta ba su farga ba, a 2024 kwantenar da ta bi ta tasharsu ta haura miliyan 40. Suka gina gidajen bene, inda kusan mutum 8 cikin 10 ke zaune, kuma tun 1989 doka ta ƙayyade rabon kowace kabila a kowane bene, don kada wata unguwa ta zama ta kabila ɗaya. Wannan kishiyar tsarin Sabon Gari ne, inda Turawa suka ware baƙi gefe guda, aka ga sakamakonsa a 1966, Gusau ma ba ta tsira ba. Cin hanci kuwa ba sani ba sabo: a 2024 an yanke wa wani tsohon minista, Iswaran, ɗaurin wata 12 saboda karɓar kyauta.

Kada mai karatu ya zaci aljannar duniya ce. Jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1959. A 1963 an kama 'yan hamayya fiye da 100 aka tsare ba shari'a, waɗansunsu shekara da shekaru. Jarida ba ta faɗin abin da ta ga dama. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abincinsu daga waje yake zuwa, alkawarin ruwan Johor kuma zai ƙare a 2061, shi ya sa suke tace ruwan teku da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Masu cewa a ɗauko tsarin Singafo a dasa a ƙasar Hausa sun manta gari ɗaya ne da teku ta kewaye, ba ƙauye, ba daji, ba makiyayi. Mulkinsa ya fi kusa da mulkin birnin Kano cikin ganuwa bisa ga mulkin jiha mai ƙananan hukumomi 14.

Duk da haka akwai mas'ala ɗaya da kwatanci ya yi daidai, ita ce tsaron hanya. Singafo ta sha fama da 'yan fashin teku. Cikin shekarun 1830 sun addabi ƙananan jiragen fatake har 'yan kasuwa suka yi ta kai kuka, sai da aka kawo jirgin yaƙi mai tururi, wanda ba ya jiran iska, aka karya lagonsu. Da abin ya sake tasowa a wannan zamani, Singafo da Malesiya da Indunusiya suka haɗa sintiri a 2004. A 2005 masu inshorar jiragen ruwa na Landan suka sa mashigin cikin wuraren haɗarin yaƙi, abin da ke nufin tsadar jigila, amma a 2006 suka cire shi, don fashin ya ragu. Ba su jira gobe ba, gama sun san in jiragen suka sauya hanya, abinci ma sai ya gagare su.

Gusau kuwa hanyoyinta sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kashe cinikin gyaɗa. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga gona. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, manomin auduga ya rasa mai ba shi iri mai kyau da mai tsayar masa da farashi. Jirgin ƙasa ya yi ta raguwa har ya daina ɗaukar kayan da ya saba. Masaƙa ta yi fama da rashin wuta da atamfar sumoga mai shigowa ta Maraɗi da Jibiya, har ta rufe, kamar 'yan'uwanta na Kaduna. Zinariya ta bayyana, aka ce ga magaji, sai ga shi a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Sa'an nan 'yan bindiga suka kama daji. Titin Funtuwa zuwa Gusau, wanda ya ratsa Tsafe, shi ne ya maye gurbin jirgi, shi ne kuma ya zama wurin tare matafiya. A 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar shanu, aka kuma yanke layukan waya, don a toshe wa ɓarayi hanyar abinci da labari. Ko dabarar ta yi amfani ko ba ta yi ba, abin tsoro ne a ce ƙasar da kasuwa ta haifa ta kai ga kulle kasuwanninta da hannunta. Manomin Bunguɗu da a da tunaninsa lambar da audugarsa za ta samu, ya koma tunanin ko za a bar shi ya girbe.

Wani abin mamaki, Singafo ba ta yi nisa da Gusau kamar yadda taswira ta nuna ba. Kamfanin Olam a Nijeriya aka kafa shi a 1989, da sayen yazawa ya fara, ya shiga auduga da koko da kaɗanya, a tsakiyar shekarun 1990 ya mai da hedkwatarsa Singafo, a 2014 kuma kamfanin jarin gwamnatin ƙasar, wanda aka raɗa wa sunan tsohon garin Temasek, ya mallaki mafi yawan hannun jarinsa. Indomie da mai shayi ke dafawa a bakin tashar mota ta Gusau, kamfanin Tolaram ne ya kawo ta ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, ya kafa mata masana'anta a Ota tare da abokan cinikinsa na Indunusiya, shi ma hedkwatarsa Singafo take. Yana kuma cikin waɗanda suka gina sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a Ikko, wadda aka buɗe a 2023. Watau aikin dillancin amfanin gona da Kanti ke yi a zamanin John Holt, wani sashinsa yau daga wancan tsibiri ake juya shi. Kayan gonar Zamfara da ke fita yanzu, waken suya da riɗi da masara, bisa manyan motoci suke barin Gusau, su bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, kusa da tsohon layin dogo, direbobi kuwa suna ƙoƙarin su wuce dajin tun rana ba ta faɗi ba.